Injin Numfashi na Mani Mai Faci

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a tashar Batsari ya san Mani mai faci, ya kuma san faci ba shi ne babban aikinsa ba. Babban aikinsa cika baki ne. Kafin ya zare ƙusa daga taya sai ya ba ka labarin yadda ya taɓa ɗinke tayar tirela da zaren buhu, ta je Legas ta dawo ba ta sace ba. In ka nuna kana sauri, ya ce ka yi haƙuri, iska ba ta son a matsa mata, shi kuwa shekara talatin yana cin abinci da ita, babu wanda ya fi shi saninta daga Batsari har Safana. Taubashinsa Daudu mahauci, wanda tukubarsa ke kallon rumfar facin, in ya ji haka sai ya ce gaskiya ne, duk gari an shaida Mani na iska ne tun yana yaro.

Mani gajere ne kakkaura. Wuyansa ya daɗe da nutsewa tsakanin haɓa da kafaɗa, tumbinsa kuma yana riga shi shiga rumfa. Ga shi da minshari irin wanda unguwa ke kwana da shi. An taɓa yin ranar da 'yan sa-kai suka zagaye gidansa da gorori, wai sun ji ana ta ƙoƙarin ta da babur yana ƙi. Da aka faɗa masa da safe ya ce ƙazafi ne, shi bai taɓa jin kansa yana minshari ba ko sau ɗaya, kuma in da yana yi, ai shi ya fi kowa kusa da ƙarar.

Matarsa Tasalla ta saba da ƙarar. Shirun ne ya hana ta sakewa. Yana cikin gurnani sai ya ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, ta zauna tana ƙirge har ta ƙare yatsun hannu ta sake komawa farko. Can sai ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba da abinsa. Da safe ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya ce ita ce ta cika gishiri a miya. Da rana kuwa gyangyaɗi yake ko'ina, a masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a tsakiyar labarin da shi da kansa yake bayarwa.

Abin ya kai maƙura ranar da ya hau babur zai kai taya Yasore. Shi dai abin da ya sani yana tafe yana waƙa, sai ya farka kwance a gonar wake, babur ɗin can gaba ya jingina da wata kuka yana ta ƙugi. Ya gaya wa mai gonar cewa sauka ya yi ya duba masa ko tsutsa ta kama waken. Labari ya riga shi isa gida. Tasalla ta buga wa autarsu Muhsina waya, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Safana, kuma bayan kwana biyu Muhsina ta lallaɓa mahaifinta har wani babban asibiti a Katsina, da sunan shi zai yi mata rakiya.

Likita Adawiyya ta ɗora shi a sikeli, ta auna kaurin wuyansa da tef irin na tela, ta leƙa maƙogwaronsa, sannan ta saurari duk abin da Muhsina ta faɗa. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce in mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki. Ga mai ƙiba da kaurin wuya, ko mai toshewar hanci, ko wanda maƙogwaronsa ke da ƙunci tun halitta, hanyar iska takan rufe, numfashi ya tsaya, har sai jiki ya firgita ya farkar da shi ba tare da ya sani ba. Hakan yana iya faruwa sau da yawa kafin gari ya waye, shi ya sa barci ba ya isarsa. In aka bar shi yakan jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ban da abin da ya riga ya gani a gonar wake.

Game da magani kuwa, ta ce ya rage ƙiba sannu a hankali, ya daina kwanciya rigingine, ya guji sigari da ƙwayar sa barci. Wasu ana yi musu wani abu da suke sawa a baki ya turo haɓa gaba, wasu ana yi musu aiki a maƙogwaro. Wanda nasa ya yi tsanani, akwai wani ɗan inji da ke hura iska ta hanci a hankali, ta riƙe hanyar a buɗe har safe. Ta ce tana so ya dawo ya kwana a asibitin a auna barcinsa.

Mani da rabin kunne ya ji sauran, amma da aka ambaci iska sai ya gyara zama.

"Likita, kika ce iska ake hurawa?"

"Iska, Baba. Kaɗan-kaɗan, da awo."

"To ai gida aka zo. Geji nawa ake ba mutum? Mu tayar babur talatin muke ba ta."

Likitar ta fara dariya, da ta ga ba wasa yake ba ta daina. Ta ce huhun ɗan Adam ba taya ba ne, kada ya kuskura ya kusantar da injin faci ga hancin kowa. Mani ya gyaɗa kai irin na wanda ke tausaya wa ƙananan ma'aikata. A mota kan hanyar komawa ya bayyana wa fasinjoji shirinsa. Cikin mako biyu zai warkar da kansa da ƙananan dabarun likita, sannan ya ƙera injin da hannunsa, ya kawar da minshari daga Batsari da Safana gaba ɗaya, har mata su riƙa sa sunansa a waƙar daka. Bai kai ƙarshen shirin ba barci ya ɗauke shi a kafaɗar wani mai sayar da albasa.

Ya fara da maganar kwanciya. Likita ta ce ana iya ɗinka wani abu dunƙulalle kamar lemo a bayan riga, don in mutum ya juya rigingine ya toke shi ya koma gefe. Muhsina ta ce goruba ɗaya ta isa. Mani ya ce ɗaya ta yara ce. Ya sayo goruba ashirin da huɗu, ya sa tela ya jera masa su a bayan singileti layi-layi, ya sa ya fito tasha bayan azahar ya kwanta ƙarƙashin dalbejiya don jama'a su ga aikin ilimi. Da yake gorubar ta yi yawa kuma an jera ta daidai, sai ta zama masa katifa. Ya baje a kanta rigingine, ya yi minsharin da ya sa wani direba ya buɗe gaban motarsa yana neman inda ya lalace.

Awakin Mero mai ƙosai ne suka tashe shi. Sun ji ƙanshin goruba, suka taru su bakwai, wannan na jan singileti ta wuya, waccan ta haƙarƙari. Ya miƙe da gudu, suka bi shi, goruba na zubowa ɗaya-ɗaya, har suka zagaye tasha sau biyu. Da ya tsaya gaban tukubar Daudu yana haki, abin da ya rage a jikinsa wuyan singiletin ne kaɗai. Mero ta zo ta ce in wata akuya ta ƙware da zare shi zai san yadda zai yi da ita. Daudu kuwa ya ce dabarar ta yi, domin tun da ya san Mani bai taɓa ganin ya tashi daga kwanciyar rigingine da sauri haka ba.

Sai ya koma kan rage ƙiba. Likita ta ce aikin watanni ne, Mani ya ce ta faɗi haka ne don ba ta san shi ba. Ya yi shelar zai taka da ƙafa daga Batsari zuwa Yasore ya dawo a yini ɗaya, ya naɗe tumbinsa da robar taya don kitsen ya narke da wuri. Ya fito da hantsi da sanda a hannu, ya yi bankwana da Tasalla kamar mai tafiya hajji. Tafiyar ta yi kyau har ya iso tasha, daidai lokacin da Daudu ke juya balangu. Mani ya ce mai doguwar tafiya ba ya wuce nama da cikinsa fayau, ya zauna ya ci na ƙarfin gwiwa. Ya ƙara da na ƙarfin baya. Ya kora da fura don kada yaji ya dame shi a hanya, ya ce bari ya ɗan jingina abincin ya sami wurin zama. La'asar ce ta tashe shi. Da ya hau sikelin masu masara aka ga ya ƙaru da kilo biyu. Ya ce nauyin robar ne, aka kwance robar, kilo biyun suna nan. Sai ya ja mai sikelin gefe ya ba shi shawarar ya kai shi gyara kafin hukuma ta gane.

Da ya tuna likita ta ambaci aiki a maƙogwaro, ya ce wannan ba sai an je Katsina ba, ga Gambo wanzami a bakin kasuwa. Gambo ya zaunar da shi a kan tabarma, ya juya shi wajen haske, ya danne harshensa da cokali ya daɗe yana leƙe.

"Babu abin yanka a nan, Mani," in ji shi. "Ubana ya cire maka beli tun ranar sunanka, ni na riƙe masa zabira. Abin da ya rage mai tsawo harshen ne. In ka yarda in rage shi kyauta zan yi maka, mutanen tasha ma za su kawo mini tukwici."

Mani ya kakkaɓe rigarsa ya ce dama ya zo ne ya gwada iliminsa, kuma ya ga iyakarsa.

Yanzu saura inji. Ya rufe rumfa kwana uku yana ƙira. Ya ɗauki injin da yake ba tayoyi iska, ya jona shi da tsohon tib ɗin tayar tarakta mai faci goma sha ɗaya, wai a nan iskar za ta taru ta huce. Daga tib ɗin ya ja siririn tiyo zuwa wata butar roba da ya yanke gindinta ta zama abin rufe hanci da baki, ya sa mata igiyar wando ta ɗaurewa a ƙeya. Babbar hikimar, a faɗinsa, ita ce mara lafiya a kan tib ɗin zai kwanta, nauyinsa ne zai riƙa tura masa iskar. Mai ƙiba ya sami da yawa, siriri ya sami kaɗan, ba sai an nemi wani likita ya yi awo ba.

Ya so ya fara gwadawa a gida. Tasalla ta tsaya a bakin zaure ta ce wannan abu ba zai shiga gidan da take ciki ba.

"Malam, ni asibiti na ce ka koma. Shekara nawa ina zaune ina ƙirga maka numfashi, yanzu kuma in koma ƙirga faci?"

Ya ce mata ita ba ta san darajar abin da ke gabanta ba, amma mutanen waje za su sani. Da ma ya lura mutanen Batsari sun cika raini tun maganar awaki, don haka ya zaɓi ranar kasuwar Safana. Ya ɗora kayan a bayan a-kori-kura. Daudu ya bar wa ƙaninsa tukuba ya ɗare bayan motar, ya ce ko bikin 'yarsa ne yau sai dai a ɗaga.

A Safana Mani ya sami fili tsakanin masu nono da hanyar kara, inda ake ɗaure shanu, ya sa mai shela ya zagaya da lasifika yana kiran duk mai minshari da duk wanda aka hana barci. Kafin azahar wuri ya cika. Akwai waɗanda suka zo daga Tsaskiya da Babban Duhu cin kasuwa suka ajiye sayayya suka tsaya. Mazaje da yawa kowa cewa yake maƙwabcinsa ya zo tambayar wa. Mani ya hau kan benci ya maimaita bayanin likita kamar shi ya gano shi, ya kama wuyan wani mai tumbi ya nuna wa jama'a inda naman ke rufewa. Har nan dai babu ƙarya a maganarsa, mutane na ta gyaɗa kai. Sannan ya yaye buhun da ya rufe injin, ya nemi wanda zai fara.

Kowa ya kalli butar, ya kalli tib ɗin, ya kalli na kusa da shi. Wani ya ce shi ya yi barcinsa tun da safe. Wani ya ce minsharinsa gado ne, ba ya so ya rabu da shi. Fanta mai nono ta janye ƙorenta baya kaɗan, ta ce ita dai a bi mata a hankali.

"Ai mai abu shi ke fara ɗanɗanawa," in ji Daudu daga cikin taro. "Ko ni ba na sayar da tsire sai na ci a gaban mai saye. Ku tambaye shi wa 'yan sa-kai suka zagaye wa gida."

Mani ya ce shi ba ya minshari, amma don a ga yadda ake kwanciya zai nuna. Ya ta da injin, ya ɗan ba tib ɗin iska, ya rufe bawul ɗin da ke sakin iskar zuwa cikinsa. Ya ce wa Daudu ya tsaya a wurin, in an ce ya buɗe, ya murɗa kaɗan kawai, kamar mai ɗiga man ja a miya. Ya hau tib ɗin ya miƙe, ya ɗaura butar a fuska, ya ci gaba da bayani muryarsa na fitowa ta bakin butar. Ya ce su lura, a irin wannan ƙara da hayaniya babu mahalukin da zai iya barci, shi ya sa zai kwaikwaya musu kawai. Ya ce abu na farko da mara lafiya zai yi shi ne ya saki jikinsa. Abu na biyu kuma. Daga nan ba a ji na biyun ba.

Minsharin da ya biyo baya, da ya ratsa ta cikin buta, sai ya fito da wata irin murya kamar ƙahon farauta. Shanu suka ɗaga kai. Jama'a suka yi ta dariya, wasu suka fito da waya suna ɗauka. Wani dattijo ya ce lallai mutumin nan ya iya kwaikwayo.

Sai ƙarar ta ɗauke.

Da farko an ci gaba da dariya. Tumbin Mani na ɗagawa yana sauka, amma babu abin da ke fita ta butar. Dariyar ta ragu har ta ƙare, aka bar ƙugin inji kaɗai. Wani ya fara ƙirge a hankali, na kusa da shi suka kama. Aka wuce goma, aka wuce ashirin. Daudu ya kira sunansa sau biyu, ba amsa. Da aka kai talatin dattijon nan ya cire hula ya fara salati. Daudu, wanda tun suna yara bai taɓa rasa abin da zai tsokani Mani da shi ba, ya manta da maganar ɗigon man ja. Ya kama bawul da hannu biyu ya murɗe shi har ƙarshe.

Allah ya taimaki Mani da rashin iya aikinsa. Siririn tiyon da zai kai iska hancinsa ya lanƙwashe a ƙarƙashin bayansa, ko ɗigo bai wuce ba. Iskar duka ta tsaya a tib. A daidai lokacin ya zabura don kansa kamar yadda ya saba, ya ja dogon numfashi, ya koma minshari. Jama'a suka yi kabbara, aka ce inji ya yi aiki, har wasu suka fara turereniyar kama layi.

Tib ɗin kuwa kumbura yake. Mani ya taso daga tsayin gwiwa ya kai ƙugu, yana kwance abinsa hannuwa a kan tumbi. Gefe ɗaya ya yi wani ƙullutu kamar tozon sa, facin da ke kansa suka fara ɗagowa suna kuka. Daudu ya koma zai rufe bawul, mariƙin ya fita a hannunsa, da ma da roba aka ɗaure shi. Daidai nan Muhsina ta kutso cikin taron da farin kayan aikinta, domin wata abokiyar aikinta ta ce mata ta ji ana shelar sunan babanta a kasuwa. Ta ga mahaifinta ya kai tsayin ƙirjin mutum yana lilo a sama da buta a fuska. Ta ce a kashe injin. Aka duba, wayoyi biyar ne a murɗe da juna, kuma wanda ya san wadda ake cirewa shi ne ke barci.

A wannan yanki in aka ji ƙara irin wadda ta biyo baya, ba a tsayawa tambayar dalili. Kasuwa ta watse. Masu tumatir suka bi ta kan tumatir, mai shela ya jefar da lasifika ya shige ƙarƙashin a-kori-kura, shanu uku suka tsinke igiya suka nufi hanyar Tsaskiya masu su na biye. Waɗanda suka kama layi su suka fi kowa nisa. Da 'yan sa-kai suka iso, abin da suka tarar shi ne guntayen baƙar roba a kan rumfuna, da wani mahauci tsaye da mariƙin bawul a hannu, da Mani zaune tsakiyar ƙoren Fanta, nono na gangarowa daga kansa, butar ta koma kan kunne.

Abin da ya fara faɗa shi ne idonsa biyu, duk yana jin su. Ya ce laifin Daudu ne da bai san bambancin kaɗan da duka ba. Fanta ta ce ita ba ta san wani Daudu ba, wanda ta tsinta a cikin nononta shi ta sani. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, masu neman takalmi da masu neman wanda za su zaga, sarkin kasuwa na tafe a bayansu.

Mani ya juya wajen Daudu yana jiran baƙar magana don ya rama. Daudu bai yi dariya ba. Ya karɓi waya daga hannun wani mai kayan miya da ya ɗauki abin tun daga farko, ya tsuguna ya riƙe masa ita a gaban fuska. Mani ya ga kansa kwance. Ya ji ƙahon. Sannan ya ji shirun, ya ga tumbinsa na fama, ya ji muryoyin mutane na ƙirge, ya ga dattijo ya cire hula.

"Talatin da takwas, Mani," in ji Daudu. "Na yi zaton gawarka zan mayar wa Tasalla. Ita kuma haka take gani kullum, ita kaɗai."

Mani ya buɗe baki, ya rufe. Waɗanda suka san shi suka ce ba su taɓa ganin haka ba. Muhsina ta cire masa butar, ta goge masa fuska da gefen mayafinta, ta ba Fanta da sarkin kasuwa haƙuri, ta ce gobe yayyenta za su zo a zauna kan ɓarnar da aka yi. Sannan ta ce, "Baba, tashi mu tafi." Ya tashi. Har suka isa Batsari bai yarda ya rufe ido ba.

Ranar Litinin suka koma asibitin Katsina su uku, har da Tasalla. Aka liƙa masa wayoyi a kai da ƙirji da yatsa ya kwana. Sakamako ya nuna numfashinsa na tsayawa fiye da sau arba'in a awa ɗaya. Kwana na biyu aka sa masa injin na gaskiya, ɗan ƙarami kamar rediyo, ba ya ƙara sai ɗan huci. Sai da ma'aikaciyar jinya ta tashe shi sau uku kafin ya farka ya yi sallar asuba, ya koma ya ƙara. Da ya tashi da hantsi ya zauna a bakin gado yana taɓa kansa, yana neman ciwon da ya saba tashi da shi bai same shi ba. Idonsa ya washe, har ya lura Tasalla ta yi sabon lalle.

Likita Adawiyya ta shigo ta tambaye shi yaya barci. Ya ce ba laifi, ko da yake bai samu ya runtsa sosai ba, domin ya kwana yana sauraron injin. Ta ce awa tara ya yi. Ya ce na sauraro ne. Ya jawo injin kusa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce ya kara a kunne. Ya ce masu ƙirar sun yi ƙoƙari, sun kusa kamo tunaninsa, sai dai iskar ta yi sanyin jiki, kuma ya ji wani ɗan sako-sako a ciki wanda ba kowane kunne zai ji ba. Ya ce wa Muhsina ta duba aljihun rigarsa ta miƙo masa sukundireba ya kwance injin.

Tasalla ta miƙe. Ta karɓe injin daga hannunsa ta mayar kan teburi, ta jawo kujera ta dasa tsakaninsa da shi, ta zauna ta gyara ɗaurin zanenta.

"Malam," in ji ta, "sai dai ka fara kwance ni."